Shekarar Da Na Sayi Motar Caji

Abin da kuka sani game da rasuwar Ummanku ba daidai ba ne, kuma ni na karkatar muku da shi. Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta na ƙuruciyata, na rubuta na aurenmu, na tsallake na koma kan kakanninku, duk don kada in iso nan. Yanzu idona ya fara hazo. Saboda haka, Hadiza da Kabiru, ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

A shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, saura mini shekara biyu in bar aikin gwamnati. Malamin dabbobi ne ni, gidana a Gumel, wurin aikina a Maigatari, kullum sai na je na dawo. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, tun da sanyin safiya ina cikin kara ina duba shanu da raƙuman da ake shigowa da su daga Nijar, wani lokaci kuma a kira ni ƙauyukan Sule Tankarkar idan ciwo ya shiga garke. Tsohuwar motata, wadda ta kai ku makaranta dukkanku, ta zame mini rami, abin da na samu a wata kusan rabinsa cikinta yake zurarewa. Sai na jingine ta na koma motar haya. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, gwiwata mai ciwo a matse da buhun wani, in isa ofis da rigata tana warin kifin wata. Ba wahalar ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu, yaran da ni na koya wa riƙe allura su wuce ni a kan baburansu suna gaishe ni da ƙaho. Na faɗi wannan ne don ku san irin zuciyar da ke ƙirjina lokacin da maganar motar ta shigo gida.

Yayanku Nasiru ne ya fara ambatarta, wannan gaskiya ne. Ya zo Babbar Sallah daga Kano, inda yake sana'ar haɗa wa mutane wutar sola. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Ummanku tana yanka soyayyen nama cikin faranti, sai ya ce wani da ya yi wa aiki ya sayi jif ƙirar Sin wadda ba ta shan mai sam, caji ake yi mata kamar waya, kuma ba ta kai tsadar da mutum zai zata ba. Ya nuna mini hotonta. Fara ce, doguwa, ƙafafunta a sama, irin wadda yashin ƙauye ba zai kama ba. Na riƙe wayar na daɗe ban mayar masa ba. Da ya ga haka sai ya gyara zama.

"Amma Baba, ba motar da za a kawo Gumel haka kawai ba ce. A Kano akwai wuraren da ake zuwa a yi caji, nan babu ko ɗaya. Sai an fara kafa faifan sola da manyan batura a gidan nan. In ba a yi wannan ba, ni ban ba da shawara ba. Kuma tsohuwar kada a sayar."

Ku lura da wannan maganar, domin daga baya babu wanda ya tuna ya yi ta. Hadiza kina gidan mijinki, Kabiru kana makaranta. Mu uku ne kawai a wurin, ɗaya kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Ummanku, kun sani, ba ta taɓa kiran sunan Nasiru ba, kunyar ɗan fari. Ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"Malam, ka ji abin da yaron nan ya ce? Firjina ga shi can, kwana uku bai ga wuta ba, ruwan sanyi ma sai mun saya. Wutar da ta kasa sanyaya ruwa ita za ta kai ka Maigatari?"

Na yi dariya na ce hira ce kawai muke yi. Amma ba hira ba ce, abin ya riga ya shiga raina. Wata uku na yi ina juya shi. Kuma ba zan ce babu hankali a ciki ba ko kaɗan. Tsakanin Gumel da Maigatari ba nisa, titin kwalta ne, caji ɗaya zai yi mini zuwa da dawowa na kwanaki. Babu juyen baƙin mai, babu layin gidan mai, babu masu bumburutu da man da aka gauraya. Mutumin da ke zaune a unguwar da ba a cika ɗauke wuta ba, yana zuwa aiki wuri ɗaya kullum, wannan motar tasa ce. Na san haka, na kuma san ni ba mutumin ba ne. Na je wurin Garba, bakaniken da ya shekara ashirin yana taɓa mini mota, na gaya masa, ina fatan ya ƙarfafa mini gwiwa. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"Malam, in ta tsaya maka a hanya, don Allah kada ka kira ni. Abin da ba shi da fulogi ban san inda zan taɓa ba. Mai shan mai in ta ƙafe, galan ɗaya a bayan babur ya tashe ta. Wannan fa? Wutar za a zubo maka a galan?"

Na ce masa tsoron rasa ciniki yake yi. Ya ce Allah ya sa haka ne.

Abin da ke hannuna zai iya ɗaukar motar, ko ya ɗauki solar, amma ba zai ɗauki duka biyun ba. Na sayar da bijiman da nake kiwo, na sayar da tsohuwar motar ba tare da na gaya wa kowa ba. Ranar da mai sayen ya zo ya tafi da ita, Ummanku ta tsaya a zaure tana kallo har ya sha kwana, sannan ta koma ciki. Na kira Nasiru na ce ya je ya karɓo motar, sola kuma sai na karɓi kuɗin sallamata.

"Baba, a jira. Shekara biyu ba nisa. Ko a fara da solar, gidan ma ya amfana."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Shi ya je ya karɓo ta, shi ya tuƙo ta har ƙofar gida, unguwa ta fito ta gan shi yana fitowa daga ciki. Daga ranar sunanta ya zama motar Nasiru. Ban gyara wa kowa ba, domin a lokacin sunan yana yi mini daɗi, a ce ɗana ya kawo mini abin da babu mai irinsa a garin.

Watannin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Damina ta ja baya, wuta tana ɗan samuwa, in jona ta in bar ta ta sha. In na shiga kara, dillalai su bar cinikinsu su kewaye ta, wani ya kanga kunne a gabanta yana neman ƙarar inji. Na taɓa kai Ummanku biki a Gagarawa, muna tafiya shiru kamar a kan ruwa, sai ta ce da ni,

"Malam, yau ne na fara jin muryarka a mota ba sai ka ɗaga ta ba."

Muka yi hira tun daga Gumel har can, hirar da muka daɗe ba mu yi irinta ba. Idan ina neman abin da zan riƙe daga wannan shekarar, wannan tafiyar ce kaɗai.

Da bazara ta kama, sai wuta ta fara wasan ɓuya, daga baya taransifomar unguwarmu ta ƙone gaba ɗaya. Ƙaramin janaretonmu ya yi ta gurnani yini guda, abin da ya zuba mata bai taka kara ya karya ba. Na koma kai ta wurin Alhaji Tijjani mai ƙanƙara, wanda ke da babban inji, in jona in zauna a benci ina jira. Wato motar da na saya don in rabu da mai ta koma shan mai ta bakin injin wani. A majalisa idan na wuce sai in ji ana cewa Malam zai kai amarya shan ruwa. Ina jin su, ina yin kamar ban ji ba, zuciyata kuwa tana ƙara taurin kai. Na ƙudura babu wanda zai sake ganina a bakin titi ina ɗaga wa motar haya hannu.

Yanzu na iso makon da nake gudu. Ran Laraba Ummanku ta ce kanta yana sara mata ta ƙeya. Kun san tana da hawan jini. Ta sha maganinta ta kwanta. Cajin motar a ranar ya haura rabi sosai, zai kai Kano babu fargaba. Ran Alhamis da safe ina sa hula ta ce da ni daga kan gado,

"Malam, ka bar motar nan yau, ka hau ta haya. Jikina ba ya yi mini daɗi, kuma ba a san abin da zai taso ba."

Na ce Maigatari ce kawai, ba abin da za ta ci. Da a nan na tsaya, da gaskiya na faɗa. Amma a kara na haɗu da Alhaji Isuhu, wani babban dillalin shanu daga wajen Damagaram, wanda ya daɗe yana jin labarin motar. Ya zagaya ta sau biyu yana shafa gemu.

"Malam likita, ita ce mai tafiya da kuran, wutar lantarki kawai? Wallahi sai na shiga. Ina da garke a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, saniya biyu ba sa cin abinci. Mu je ka duba mini, in ga ƙarfinta a yashi."

Akwai yaran ofis da za su iya zuwa a babur. Ban tura su ba. Na ɗauke shi da abokansa uku, na kunna musu sanyi har ƙarshe, na shiga yashi ina taka ta don su ga ba ta kafewa. Suna ta salati suna yabo, ni kuma ina jin kaina kamar hakimi. Shanun ba wani ciwon kirki suke yi ba, tsutsar ciki ce. Na mayar da su Maigatari, na dawo Gumel da yamma cajin ya yi ƙasa ƙwarai. Na biya wurin mai ƙanƙara, na tarar an kwance injinsa ana gyara, aka ce sai Asabar. Na shiga gida Ummanku ta tambaye ni me ya sa motar ta yi buɗu-buɗu da ƙasa haka. Na gaya mata inda na je. Ta dube ni kawai, ta juya fuskarta bango.

Ran Juma'a da hantsi ta faɗi a ƙofar madafa. Na same ta bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Na kira ki, Hadiza, muka kai ta asibiti a nan cikin gari. Likitan ya duba ta, ya yi abin da zai iya, ya ce jinin ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai an yi hoton kai, a wuce da ita Kano yanzu-yanzu. Motar asibiti ta riga ta fita da wani maras lafiya. Kin tuna abin da kika ce mini a bakin ƙofa?

"Baba, in sa a ɗauko mana shata daga tasha? Minti goma sun iso."

Na leƙa allon motar. Lambar da ta nuna ba ta kai nisan Kano ba, na gani da idona. Na ce wa kaina in na tafi a hankali, in na kashe sanyi, wataƙila ta kai mu inda za mu sami wata. A harabar asibitin akwai mutanen unguwarmu da suka biyo mu, har da biyu daga cikin 'yan majalisar nan. Na hango yadda za a ce ranar da ake bukatar motar Malam, ta haya aka kira. Wallahi wannan tunanin ya zo mini, matata tana kwance ba ta iya magana. Na ce miki,

"Za ta kai. Ku sa ta a baya."

Ba sai na ba ki labarin hanyar ba, kina ciki. Amma ke kina kallon fuskar Ummanki, ni ina kallon lambar tana zubewa. Na kashe sanyin na ce miki ya lalace ne. Muka sauke gilasai, iska mai zafi kamar daga bakin tanda tana dukanmu, kina yi mata fifita da mayafinki. Kafin Gagarawa na ga motocin haya biyu a tsaye a bakin hanya, na wuce su. Na wuce su, Hadiza. Muna fita garin kaɗan hoton kunkuru, alamar caji ya kusa ƙarewa, ya fito a allon, motar ta fara ja da kanta, ina taka ta ba ta amsawa, har ta tsaya cik a tsakiyar gonaki, babu gida babu inuwar kirki.

Lokacin tafiya masallacin Juma'a ne, hanya ta yi tsit. Babura suka yi ta wucewa, ba yadda za a ɗora ta a kansu. Wata tirela ta wuce ba ta tsaya ba. Na tsaya a tsakiyar kwalta ina ɗaga hannu biyu, hulata ta faɗi ban ɗauka ba. Fiye da awa guda muka yi a wurin. Daga ƙarshe wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan riɗi ta tsaya, direban da mutanensa suka taimaka muka kwantar da ita a kan buhunan. Da hannunta na hagu, wanda bai mutu ba, ta kama bakin rigata. Idonta a kaina yake. Ba ta iya cewa komai, amma ita kaɗai ce a duniya, ban da ni, da na san ta san inda cajin nan ya tafi. Ba mu kai Gujungu ba hannun ya saki.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Wataƙila ko a jirgi aka kai ta ba za ta tashi ba. Likita bai taɓa ce mini za ta tashi ba. Amma abin da ya biyo baya ba ƙaddara ba ce, bakina ne. Muna juyowa da gawarta kika tambaye ni cikin kuka ko ban yi wa motar caji ba ne. Na ce,

"A cike take da muka taso. Batirin ne ya zube lokaci ɗaya."

Nasiru ya iso ana shirin sallar jana'iza. Ran sadakar uku, a ɗakin Ummanku, ina zaune a bakin ƙofa, kika miƙe a gaban 'yan'uwanta kika nuna shi da yatsa.

"Kai ka kawo mana wannan akwatin gawar. Kai ka yaudari Baba ya sayar da motarsa. Ka kashe mana uwa, Yaya, hankalinka ya kwanta?"

Kabiru, kai kuma da ya miƙo maka hannu zai tafi, ka sa naka a aljihu. Ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya ya yi mini, yana jira. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Ya sa takalminsa ya fita.

Shekara biyu ke nan. Na yi ritaya, motar na sa an jawo ta an sayar wa wani a Kano, ban tambayi ko waye ba. Nasiru yana zuwa da Sallah ya gaishe ni a zaure ya juya a ranar, ba ya kwana, ba ya kawo 'ya'yansa. Bikin Kabiru ba a kai masa kati ba, na sani, na yi shiru. Kullum ina cewa gobe zan tara ku in faɗa, goben ta ƙi zuwa, domin na ga yadda kuke lallashina kuna tausayina, ku ne kuka rage mini, na ji tsoron ranar da za ku dube ni yadda kuka dube shi.

Watan jiya na hau motar haya na tafi Kano ban gaya wa kowa ba. Na same shi a shagonsa yana ɗaure wayoyi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya shimfiɗa mini darduma a bayan shagon, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Na gaya masa komai, tun daga Alhaji Isuhu har motocin haya biyun da na wuce. Ina magana ina kuka, shi kuwa yana kallon ƙasa. Da na gama ya ce,

"Na sani, Baba."

Na ce ya san me.

"Motar tana haɗe da wayata tun ranar da na karɓo ta, don in riƙa duba muku lafiyar batirin. Ran Alhamis ɗin na ga ta je bayan Sule Tankarkar. Na ga abin da ya rage da kuka taso ran Juma'a. Na kira ka sau uku a lokacin, ba ka ɗauka ba."

Na tuna wayar tana ta ruri a aljihuna a harabar asibiti. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa ranar da aka tsaya a kansa ana kiransa mai kisan kai, alhali shaidar tana cikin aljihunsa.

"Sun riga sun rasa uwa, Baba. Ban so su rasa uba a mako ɗaya ba."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun tuni. Na ce to ya dawo gida, ya kawo yaran su kwana biyu. Ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da ni ma na sha faɗa wa mutane idan ba ni da niyya. Ya raka ni tasha, ya nema mini kujerar gaba saboda gwiwata, ya tsaya har muka tashi. Ban ga fushi a fuskarsa ba. Da fushin na gani da na fi samun sauƙi, domin mai fushi ana iya ba shi haƙuri. Abin da na gani mutum ne da ya gama jira ya rufe ƙofarsa a hankali.

Ban san ko za ku sake shigowa gidan nan bayan kun karanta wannan ba, kuma ba ni da bakin roƙonku. Abu ɗaya nake nema. Lambar yayanku ba ta canza ba. Ku kira shi kafin ku zo kaina.